Neman Malami a Gugul

Taloka, 26 ga Satumba

Zuwa ga ɗana Gidaɗo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da aiki. Ni dai jiki Alhamdu lillahi, sai gwiwa da ke damuna in na daɗe tsugune.

Na san za ka yi ta juya takardar nan kana neman wadda ta aiko ta. Ni ce Sa'adiyya ta Tungar Lauwali, can ƙasar Gandi. Kakarka Uwaliya da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne. Sau ɗaya munka haɗu, wurin wani biki a Wurno, kana saurayi, ka ture tuwon dawa kana tambayar ko da burodi. In ka tuna matar da ta yi maka dariya har ta ƙware, to ita ce. Mode direba, mai kai albasa Kaduna, shi ya ce ya san shagonka, ya ce aikinka gina wa 'yan kasuwa shafi a intanet. Shi zai kawo maka wannan, shi kuma zai dawo mini da amsa, don an yanke mana sabis, waya ta zama abin duba lokaci.

Gidaɗo, ba zumunci ya sa na rubuto ba, kada in yi maka ƙarya. Bukata ce. Bara da damina, ranar kasuwa da la'asar, 'yan bindiga sunka shigo garinmu. Sun kashe Malam, maigidana, a bakin masallaci. Sun sa wa gari wuta, wayata ta ƙone a ɗaki. Jama'a sunka watse, kowa inda ƙafarshi ta kai shi. Ni motar hatsi ta sauke ni Taloka, wata tsohuwa, Kaka Zinariya, ta ba ni ɗaki. Ina bin matan gari aikin gona a bakin dam, ina samun na tuwo. Ban san kowa ba a nan kafin wannan.

Ɗa guda gare ni, Malami. Shekara shida ke nan shina Libiya, aikin gini. Layina kaɗai ya sani, ni kuma lambarshi tana cikin wayar da ta ƙone. Tun daga ranar nan duk wanda anka ce ya dawo daga can sai na je na tambaye shi. Makon jiya na dace da wani Yusha'u, cikin waɗanda anka koro daga can. Na kwatanta mashi Malami, da tabon da ke haɓarshi, sai mutumin ya miƙe tsaye. Ya ce, “Inna, ke ta? Ai ɗanki ya yi miki zaman makoki! Cewa anka yi ba wanda yat tsira.”

Ya ce kullum in an tashi aiki Malami shina kan waya, shina neman labarin garinmu a Gugul, ba abin da ke fito mashi sai gawa da toka. Ya ce ya gaya masu ba shi da sauran kowa a gida, zai hau kwalekwalen nan na roba ya ƙetara Turai kafin sanyi ya shigo teku ya lalace. Yusha'u ba shi da lambarshi, an ƙwace mashi waya a hanya, kuma ya riga ya wuce kudu neman aiki.

Ni ban san Gugul ba. Amma in yaron nan can yake dubawa, to can nake so ya gan ni. Ga hotona, ga kuma 'yar wasiƙa, ka sa su inda idonshi zai faɗa a kai:

“Malami, ina nan da raina. Ina Taloka, gidan Kaka Zinariya, kusa da dam ɗin Goronyo. Malam ya rasu, Allah ya jiƙanshi. Ni ban mutu ba. Kada ka hau ruwan nan. Ka dawo.”

Don Allah kada ka ajiye takardar nan ka ce sai ka sami sarari.

Gwaggonka,
Sa'adiyya

Kaduna, 3 ga Oktoba

Gwaggo Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam. Na tuna ki sarai, kuma har yau ban iya tuwon dawa ba. Muna lafiya, maiɗakina tana gaishe ki. Allah ya jiƙan Malam, ya ba ki haƙuri. Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi kujera kafin in kai ƙarshe.

Ranar da Mode ya kawo ta na rufe shago na gina shafin. Ya hau. Na sa masa kai da manyan baƙaƙe: “Malami na Tungar Lauwali, mahaifiyarka tana raye a Taloka.” Ƙarƙashinsa hotonki ne da wasiƙarki, sai lambata da wurin da zai rubuto saƙo. Na rage wa hoton nauyi don ya buɗe ko a ƙaramar waya mai raunin sabis.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake, don kada ki ga shiru ki ce na yi sakaci. Gugul ba ya kai saƙo gidan kowa. Yana bin shafuka ne yana karanta abin da ke cikinsu yana ajiyewa. In mutum ya rubuta kalma, sai ya jero masa shafukan da ke ɗauke da kalmar, wanda ya fi yarda da shi a sama. Yawancin mutane kuma na saman nan kawai suke dubawa. Aikina yanzu shi ne in tura namu sama. Na riga na sanar da shi cewa ga sabon shafi ya zo ya karanta, wannan kan ɗauki kwanaki. Na maimaita sunan garinku da Gandi da Rabah, ƙaramar hukumarku, a inda ya dace.

Na kuma nemi Malami a dandalin sada zumunta. Gwaggo, masu suna Malami da ke Sakkwato kaɗai sun isa su cika filin ƙwallo. Na bi hotuna har idona ya yi ja, ban ga mai tabo a haɓa ba.

Ki kwantar da hankalinki, ki riƙa cin abinci.

Ɗanki,
Gidaɗo

Taloka, 11 ga Oktoba

Gidaɗo,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni ba ni da lafiya, kuma ba gwiwa ba ce.

Da na karanta “ya hau”, wallahi na ɗauka an gama. Na yi sujada a tsakar gida, Kaka ta yi guɗa, na wanke zanena mai kyau na shanya. Kwana uku duk motar da ta tsaya bakin titi sai na fito. Sauran bayaninka sai daga baya na zauna na karanta shi da kyau, na gane rawa na yi tun ba a fara kiɗa ba.

Na roƙi Mode in ya isa Sakkwato, inda ke da sabis, ya rubuta sunan garinmu ya gani da idonshi. Ya dawo shina sosa ƙeya. Na ce, “Mi kag gani?” Ya ce, “Inna, jaridu na dai, da hoton ɗakuna ƙonannu. Na ja ƙasa har yatsana yag gaji, ban gan ki ba.”

To ina amfanin abin da ka gina? Ka kafa mini rumfa a bayan gari, inda ba mai wucewa. Masu cewa na mutu suna bakin hanya, ni da ke raye ina can baya. Ka ce in ci abinci. Da wane maƙogwaro? Da safe yanzu in na taɓa ruwan kwatar ban ruwa na ji ya fara sanyi, gabana faɗuwa yake yi, don na san can ma lokaci na ƙurewa. Mutanen nan murna suke ruwa ya cika dam, za a yi noman rani mai kyau. Ni ko kallon dam ɗin ba ni iya yi.

Na yi ta tuno maganar Yusha'u ko da abin da na bari. Ya ce ba sunan gari kaɗai Malami ke rubutawa ba. Wai yakan rubuta sunan mahaifinshi, ya rubuta nashi haɗe da na mahaifin, ko zai dace da jerin waɗanda sunka mutu ko waɗanda ke sansani. Ban san ko wannan zai yi maka amfani ba.

Ka yafe mini zafin baki. Ba ni da wanda zan yi wa sai kai.

Sa'adiyya

Kaduna, 17 ga Oktoba

Gwaggo,

Muna lafiya, Allah ya ƙara miki sauƙi. Ki yi mini faɗa yadda kika ga dama, na ɗauka.

Mode bai yi ƙarya ba. A kan sunan garinku muna shafi na huɗu, kuma ba mai zuwa shafi na huɗu sai ni. Jaridun nan sun shekara da shekaru, dubban shafuka suna nuni zuwa gare su, shi ya sa Gugul ya fi yarda da su. Namu ɗan mako biyu ne. Na bi ƙungiyar 'yan Rabah mazauna Kaduna da wata ƙungiyar ɗalibai, na roƙe su sun sa mahaɗin shafinmu a nasu, mun matso daga na shida zuwa na huɗu. A haka za mu kai sama, amma sai bayan wata uku ko huɗu, kuma na san ba mu da su.

Sai dai layin ƙarshe na takardarki ya sa na tashi zaune. In yana rubuta sunan mahaifinsa, to nan ne ƙofarmu. Babu jaridar da ta kawo sunan Malam. A kan wannan suna ba mu da abokin takara, rana ɗaya za mu hau sama. Na buɗe shafin in ƙara sunan, sai na ga ban san shi ba. Na koma takardunki biyu na bi su layi-layi. Malam, Malam, maigidana. Ko sau ɗaya ba ki faɗa ba.

Daga nan wani abu ya faɗo mini. Gwaggo, ki gafarce ni, a Kaduna na tashi, abubuwa da yawa sun wuce ni. Malami ɗan fari ne, ko ba haka ba? Shin Malami ne sunan da aka raɗa masa, wanda ke kan katinsa, wanda abokan aikinsa ke kiransa da shi? Ko kuwa ke ce ke kiransa haka?

In alkunya ce, to mako biyu ke nan ina tura sunan da ba shi yake nema ba. Mahaifiyata da za ta sani ta rasu, Wurno kuma waya ba ta shiga. Ke kaɗai ce. Ina bukatar sunansa na yanka da na mahaifinsa, cikakku, a rubuce. Gugul ba ya gane kara, abin da aka rubuta kawai yake gani.

Ki ba Mode amsa a wannan zuwan, kada ki jira na gaba.

Gidaɗo

Taloka, 2 ga Nuwamba

Gidaɗo,

Ina gaishe ka. Na san ka ga shiru. Mako guda hanya ce ta lalace, Mode bai fito ba. Mako na biyu kuwa laifina ne, ya zo har ƙofa na ce ban gama ba.

Da na karanta tambayarka sai da na ajiye takardar na fita bayan gida, kamar wani na kallona. Kai, Gidaɗo! Ashe haka Kaduna ke mayar da mutum? Ɗan fari ne. Kuma sunan mahaifin Malam anka mayar mashi, surukina, mutumin da ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarshi ba. Shekara talatin da ɗaya ban furta sunan nan ba. Ranar da na kai shi allurar rigakafi, ƙanwar Malam na ɗauka ta faɗa wa malamar asibiti. Ko wani yaro can mai irin sunan, “mai sunan Malami” nake ce mashi. Na maigidana kuwa ko a mafarki. Ban ɓoye maka don wayo ba. Wallahi ban ma lura ban faɗa ba, ni a wurina sunanshi ke nan.

Na nemi wanda zai ɗauke mini. Babu ɗan garinmu ko ɗaya a Taloka. Na ce zan tafi Gandi in nemo wanda ya san mu, Kaka ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Sai dai ki taka ni ki wuce. Hanyag ga ba ta biyuwa, so kike yaron ya yi makoki na biyu, na gaskiya?” Ta ce in raɗa mata a kunne ta faɗa wa Mode. Na kai bakina kunnenta, Gidaɗo, harshena ya ƙi. Tsohuwar nan ta yi ta jira har ta fara gyangyaɗi.

Jiya muna dashen albasa, ruwa na bin kwata shina shiga fangalin albasar, ƙafata a ciki, sanyi ya kama ni har ƙashi. Na ce wa kaina, Sa'adiyya, in yaron nan ya nutse, wa za ki nuna wa kunyar taki? Na bar dashen na dawo gida da laka a ƙafa.

Za ka ga 'yar takarda a naɗe cikin wannan, na ɗaure ta da zare. Layi biyu ne, na sama nashi, na ƙasa na mahaifinshi. Rubutun ya karkace, ka karanta shi hakanan. Kada ka karanta a gaban Mode, kuma in mun haɗu kada ka tayar mini da maganar.

Na ɓata mako guda a kan layi biyu. In wani abu ya faru a cikin makon nan, ban san yadda zan yi da raina ba.

Sa'adiyya

Kaduna, 9 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, muna lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba. Yana raye, kuma shekaranjiya yana kan tudu, bai hau ruwa ba. Amma na yi ɓarna, kuma gara ki ji daga bakina.

Na kwance zaren ni kaɗai. Na mayar da kan shafin “Zayyanu Atiku na Tungar Lauwali, mahaifiyarka tana raye.” Kwana biyu muka hau sama. Duk wanda ya rubuta sunan nan, ko na Malam da sunan gari, fuskarki ce farkon abin da zai gani.

Ga inda na yi wauta. A aikinmu, kalmar da ake so a samu ba a barin ta a kai kaɗai, ana sa ta a cikin rubutun ma. Haka nake yi wa masu sayar da atamfa da takalma, hannuna ya saba. Sai na shiga wasiƙarki na gyara. Inda kika ce “Malami” na sa “Zayyanu ɗana”. Inda kika ce “Malam ya rasu” na sa “mijina Atiku ya rasu”. Na bar sunanki a ƙasa kamar ke kika faɗa. Ban yi tunanin komai ba, sai murnar mun hau.

Shekaranjiya da azahar saƙo ya shigo, ba lamba, ba adireshi. Ga shi yadda yake:

“Ko wane ne kai, ka ji tsoron Allah. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, balle na babana. Kun samo hoton matacciya kuna son ku ci da shi. Mun san irinku a nan. Na bar ku da Allah.”

Na karanta shi ya fi sau ashirin. A can akwai masu yaudarar mutane da labarin gida, dole ya yi zargi. Ya zo har bakin ƙofa, ni na kore shi da hannuna. Na riga na mayar da kalmominki yadda suke, amma ban sani ba ko zai sake buɗewa, kuma in ya buɗe zai ce mun gyara ƙarya ne.

Ki gaya mini abin da zan yi. Na san aikina, amma ban san ɗanki ba.

Gidaɗo

Taloka, 12 ga Nuwamba

Gidaɗo,

Lafiya lau. Mode na jira a waje da injin a kunne.

Ka sa mini magana a baki, maganar da ko a gaban alƙali ba zan yi ba, ka baje ta duniya ta gani. Da kana kusa da na ja kunnenka har ya yi tsawo. Amma na yi kuka na yi dariya a kan saƙon nan, har Kaka ta ɗauka na taɓu. Yaron ya san uwarshi. Shekara shida a cikin baƙi, bai manta ko ni wace ce ba.

Zai sake buɗewa. Tun shina ƙarami in ya yi fushi ya fita, sai ya zagayo ya leƙo ta katanga.

Ga abin da za ka yi. Sunayen su zauna a sama, amma ka rubuta a fili cewa kai ne ka sa su, kai Gidaɗo jikan Uwaliya ta Wurno, kuma ka amsa laifinka a nan inda zai gani. Sannan ga wata takarda da hannuna. Kada ka buga ta da inji, ka ɗauki hotonta yadda take. Ya san rubutuna, ni na koya mashi baƙi. Ko ɗigo ka taɓa, ban yafe ba.

Sa'adiyya

Kaduna, 21 ga Nuwamba

Gwaggo,

Gaisuwa, muna lafiya. Na yi yadda kika ce, ban taɓa ko ɗigo ba, har inda tawada ta zuba na bari.

Kwana biyar ba motsi. Ina da wurin da nake ganin ƙasar da aka buɗe shafin daga cikinta, na zauna a gabansa kamar mai gadi, har masu kawo aiki suka fara komawa wani shago. Rana ta shida aka buɗe daga Libiya. Aka rufe. Aka sake buɗewa. Sau goma sha ɗaya a yini guda.

Jiya saƙo ya zo, da lamba a ciki. Ya ce rubutun ya yi kama, amma rubutu ma ana kwaikwayo. Ya ce an sa musu ranar hawa kwalekwalen, Asabar mai zuwa, ita ce tafiyar ƙarshe kafin a daina saboda sanyi. Zai riƙe waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In ya ji murya ya yarda, to. In bai yarda ba, kada a sake nemansa.

Na kira lambar sau uku, bai ɗauka ba. Ba muryata yake jira ba.

Na yi magana da Mode, zai ɗauke ki ranar Alhamis ya kai ki Sakkwato gidan yayarsa, da wayarsa za ki kira. Lambar tana bayan takardar nan, na kuma ba shi ita daban ko da wannan ta ɓata. Gwaggo, ko hanya ta yi yaya, ki fito.

Gidaɗo

Sakkwato, 26 ga Nuwamba

Ɗana Gidaɗo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka da ta yi haƙuri da mu. Na iso lafiya jiya. Mode ya ce in kira ka kawai tunda ga sabis, na ce a'a, muryata ta tafi, kuma abin da munka fara a takarda a takarda za mu gama shi.

Tun hantsi nake zaune da waya a cinya. Da anka sauko Juma'a Mode ya danna lambar ya miƙo mini ya fita. Ta yi ƙara har na cire rai, sannan anka ɗauka. Ba sallama. Ina jin iska da hayaniyar maza a bayanshi.

Na ce, “Malami.”

Can ya ce, “Wa ka magana?” Muryar ta yi kauri, ta zama irin ta mahaifinshi.

Na ce, “Ni ta. Ina Sakkwato.”

Ya ce, “Kowa na iya cewa hakanan. Kun karanta takarda kun ga Malami.” Ya yi ta jero mini tambaya kamar ɗan sanda, sunan unguwarmu, wace gona ce tamu, wa ke maƙwabtaka da mu ta gabas. Ina ba shi amsa shina cewa duk ɗan garin ya san wannan. Na ji wani na kiranshi daga nesa, ya ce masu shina zuwa. Gidaɗo, na ga yaron nan zai kashe waya ya tafi ya hau ruwa ina riƙe da shi a hannu.

Sai ya ce, “To, in ke ta, kira sunana. Sunana na yanka. Hwaɗi in ji.”

Wallahi na yi niyya. Na ce a raina na rubuta, mi ya rage? Na buɗe baki. Abin da ya fito ban shirya shi ba. Na ji kaina ina cewa, “Kai, marar kunya! Ni za ka sa in kama sunan surukina? Libiyar ta koya maka haka? To ban hwaɗi, je ka hau ruwan!”

Na toshe bakina da hannu. Na ce shi ke nan, na kashe ɗana da bakina.

Sai na ji wani sauti, na ɗauka layin ne ya lalace. Ashe kuka yake, ƙato da shi, a gaban mutane. Shina cewa, “Ke ta, Inna. Wallahi ke ta. Inna, ke ta.” Daga baya ya ce da a ce na faɗi sunan, da ya kashe wayar.

Ba zai hau ba. Ya ce zai nemi motar Agadas, ya biyo ta Illela. Na san ita ma hanyar ba ta da daɗi, kuma ba zan yi barcin kirki ba sai na gan shi a ƙofar Kaka. Amma ƙasa ce, in ya faɗi akwai inda zai faɗa.

Kafin katin ya ƙare ya tambaye ni inda anka binne mahaifinshi. Na ce ban sani ba, ban tsaya ba, gudu na yi. Ya ce ba komai, in ya zo za mu nema tare.

Allah ya yi maka albarka, Gidaɗo. Allah ya ba ka ɗa mai jin maganarka.

Gwaggonka,
Sa'adiyya